Lakol ko makarantar gida? Amsa ga uban da yake tsakanin Maraɗi da Katsina

Tambaya: "Ni Bakatsine ne, amma shekara goma sha tara ke nan ina kasuwanci a Maraɗi. A nan na yi aure, a nan aka haifi 'ya'yana. Babban yana shekararsa ta uku a kwalej, ƙanwarsa kuma bana take gama firamare. 'Yan'uwana na gida sun matsa mini in maido su Najeriya, wai karatun Faransanci ba inda zai kai su. Surukaina kuma sun ce kada in kuskura, wai takardar Najeriya saye ake yi. Malam, wane tsarin ne ya fi, kuma yaya zan yi da yaran nan?"

Alhaji, Allah ya raya maka su, ya sa masu jin ƙanka ne. Na koyar da Ingilishi shekara bakwai a wani kwalej na karkara a jihar Damagaram kafin in dawo Najeriya in shiga aikin horar da malamai, kuma na sha tsaron ɗakin jarabawa nan da can. Maganar 'yan'uwanka da ta surukanka duk ba baƙi ba ne a kunnena. Kowace akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, sai dai an cika mata gishiri.

Mu fara da lissafin shekaru, don a nan iyaye suka fi ruɗewa. Najeriya tana bin tsarin da ake kira 6-3-3-4: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a. Tushensa babban taron manhaja da aka yi a Legas a 1969, aka rubuta shi a manufar ilimi ta ƙasa a 1977, aka fara aiki da shi a 1982. Kafin nan, iyayenmu shekara biyar suke yi a sakandare, wanda ya yi fice ya ƙara biyu a ajin HSC. A 1999 Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE na ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, dokar 2004 kuma ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Nijar ita ta gaji tsarin Faransa kusan yadda yake: shida a firamare, huɗu a kwalej, uku a lise. Ka ga ɗan Najeriya yana isa ƙofar jami'a bayan shekara 12, ɗan Nijar bayan 13. Amma digirin farko a Nijar shekara uku ne, a Najeriya huɗu, sai lissafin ya zo ɗaya a ƙarshe.

Wani abu da yake jawo rikici shi ne ƙidayar ajin Nijar baya take komawa. Yaro yana shiga kwalej a sizyam, wato aji shida, sai sankiyam, katiriyam, turwaziyam, inda ake rubuta BEPC, jarabawar kammala kwalej. A lise kuma sagwand, firamiyar, tarminal, sai Bak, jarabawar kammala lise. Na taɓa zama a ofishin wani shugaban makaranta a nan gida, wani bawan Allah ya shigo da ɗansa daga ƙetaren iyaka, ya ce yaron "yana aji biyar". Shugaban ya ɗauko rajistar SS2 zai rubuta shi. Da na karɓi takardar sakamakon na duba, sankiyam ne, wato daidai da JSS2. Saura ƙiris a tsallakar da yaro shekara uku cur saboda kalma guda. Ɗanka da yake shekara ta uku, katiriyam ke nan, daidai da JSS3 a wajenmu. Turwaziyam ita ce SS1, tarminal kuwa ba ta da kishiya a sakandarenmu ta yau. Ta fi kama da tsohuwar HSC, ko IJMB da ake yi kafin shiga aji biyu na jami'a.

Wannan duk siffa ce ta waje. Ainihin bambancin, wanda shi nake so ka riƙe, shi ne inda kowace ƙasa ta ajiye rariyarta. Duk tsarin ilimi yana tankaɗe yara. Nijar tana tankaɗe tun daga ƙasa, a kowane mataki. Najeriya tana tura kowa gaba, sai a bakin ƙofar jami'a take zazzage su gaba ɗaya.

Ka san yadda takardar sakamakon ɗanka take. Kowane darasi maki kan 20, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Kowanne da adadin da ake ninka shi, abin da suke kira kowefisiyan. A haɗa duka a raba, abin da ya fito shi ne mwayen. Goma ita ce iyaka. A ce yaro ya ci 15 a tarihi amma ya ci 6 a lissafi, kuma ana ninka lissafin fiye da tarihi, to wannan 15 ɗin ba za ta cece shi ba. A ƙarshen shekara malamai su zauna a kan kowane yaro ɗaya bayan ɗaya: wannan ya wuce, wannan ya maimaita, wannan a kore shi. Na zauna a irin wannan zama, kuma ba zama ne mai daɗi ba. Ana kiran sunan yaron da ka san daga ƙauye mai nisa yake zuwa a ƙasa, ka san yana zaune ne a gidan wani mai masauki da yake sa shi ɗiban ruwa kafin ya fito, amma mwayen ɗinsa 7, kuma ya riga ya maimaita sau ɗaya. Alƙalami ba ya jin magiya. A kwalej ɗin da na koyar, azuzuwan sizyam guda uku ne maƙil da yara, wasu a kan tabarma, amma turwaziyam aji ɗaya ne, shi ma da sauran wuri. Sauran sun zube a hanya, kuma 'yan mata ne suka fi zubewa.

Wanda ya tsira daga wannan sai ya tarar da jarabawar ƙasa. Ta ƙarshen firamare, CFEPD, an soke ta na tsawon wajen shekara goma, sannan gwamnatin soja ta dawo da ita. BEPC da Bak kuwa ba a taɓa yi musu sassauci ba. A 2021 kusan ɗaya cikin biyar ne kawai suka ci BEPC, Bak kuma ba ta kai ɗaya cikin huɗu ba. Ranar bayyana sakamakon Bak abin kallo ce. Ana taruwa a harabar makarantar da aka rubuta, iyaye da ƙanne da maƙwabta, shugaban alƙalan jarabawa ya fito da takarda ya riƙa kiran lamba da suna da lasifika. Wanda aka kira sai guɗa ta tashi, a ɗaga shi sama. Idan aka gama jerin farko sai a karanto waɗanda suka samu tsakanin 8 da 10, su ne za a ba dama ta biyu nan da 'yan kwanaki. Daga nan sai shiru. Wanda bai ji sunansa ba, shekara guda ta tafi, domin Bak ba a cin ta gutsure-gutsure. Ko ka ci duka, ko ka sake duka. Shi ya sa a Nijar idan aka ce wane yana da Bak, magana ce mai nauyi, kuma a al'adar Faransa ita kanta ce mabuɗin jami'a, ba sai an sake wata jarabawar ƙasa ba, ko da yake fannoni irin su likitanci suna da nasu zaɓen.

A namu ɓangaren, a yawancin makarantun gwamnati da wuya ka ga an maimaita wa yaro aji, balle kora saboda rashin ƙoƙari. Makarantun kuɗi kuma ba sa son ɓata wa mai biya rai. Jarabawar aji uku, BECE, ba kasafai take tare kowa ba. Yaro na iya hawa tun daga aji ɗaya har SS3 bai iya rubuta wasiƙa da Ingilishi ba, babu wanda ya tsayar da shi ya ce tsaya, akwai gyara. A ƙarshe ga WAEC, wadda aka kafa tun 1952, ga NECO da ta fara a 2000, ga NABTEB ta fannin sana'a, ga NBAIS ta Larabci da addini. Abin da aka saba nema don shiga jami'a shi ne kiredit biyar har da Ingilishi da lissafi, kuma an yarda a haɗa sakamakon zama biyu. Wanda lissafi ya kayar a WAEC sai ya cike da NECO. A 2023 kusan kashi 80 cikin 100 ne suka samu wannan kiredit biyar a WAEC, a 2024 kuma 72. Ka kwatanta da na Bak. Ba wai yaranmu sun ninka na Nijar kaifin ƙwaƙwalwa sau uku ba ne. Rariyar ce ba a nan take ba. Tana wajen JAMB, jarabawar shiga jami'a. A 2024 ɗalibai sama da miliyan 1.8 aka fitar wa sakamako, kusan kashi 76 cikin 100 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Wanda ya haye ma tsugune ba ta ƙare ba, sai tantancewar jami'a, sai batun gurbi da jihar asali. Za ka samu yaro da kiredit tara a aljihu yana shekara uku a gida yana maimaita JAMB.

Yanzu ga maganar surukanka. Ba zan ɓoye maka ba, satar amsa ta yi katutu a jarabawarmu. Akwai makarantun da aka sani, ana kiransu mirakul santa, inda yara suke gudu daga makarantunsu a SS3 su je su yi rajista don an san za a rubuta musu amsa a allo. WAEC da kanta ta riƙe sakamakon ɗalibai sama da dubu 260 a 2023 bisa zargin maguɗi. Amma cewa takardar Najeriya duk saye ce, wannan zalunci ne ga dubban yaran da suka ci da guminsu. Kuma JAMB, tun da ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ta zama mai tona asirin kiredit ɗin bogi. Can Nijar ɗin ma ba mala'iku ba ne. An sha kama masu fitar da tambayoyi ta WhatsApp. Bambancin shi ne Bak rubutu ce mai tsawo, wadda malamai suke taruwa su duba ba tare da sun ga sunan mai takarda ba, kuma satar dogon sharhi ta fi satar A, B, C, D wuya.

Wannan ya kawo ni ga abin da ake koyarwa, kuma a nan ina da ra'ayi. A lise ana raba yara tun daga sagwand: siri A na adabi da harsuna, siri C na lissafi da fizik, siri D na kimiyyar halittu, sai fannonin fasaha irin na lise teknik Ɗan Kasawa da ke nan Maraɗinku. A tarminal kowa sai ya yi falsafa, har ɗan lissafi. A ba yaro ɗan shekara sha tara tambaya layi ɗaya, a ce ya zauna awa huɗu ya warware ta: gabatarwa, hujjar wannan gefe, hujjar wancan, sannan matsayarsa. Yaron da ya sha wannan horo, idan ya zo jami'armu, ana gane shi daga yadda yake jera magana a takarda, ko da Ingilishinsa yana tangal-tangal. Lissafin ɗan siri C kuwa ya wuce na SS3 nesa. Aibinsa shi ne tsarin ya cika son biro da takarda. Ɗakin gwaje-gwaje kaɗan ne, littafi kaɗan ne, malami ya karanto yara su kwafa. Namu ya fi faɗi: darasi takwas ko tara, ɓangaren kimiyya da na adabi da na kasuwanci, da gwajin aiki a jarabawar kimiyya. Asalin burin 6-3-3-4 ma shi ne yaron da ya tsaya a aji uku ya fita da sana'a a hannu. An sayo injuna daga Turai a shekarun 1980 don darasin intirotek na koyon fasaha, da yawa suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda ba wuta, ba ɗakin aiki, ba malamin da ya iya tayar da su. Na ga irinsu da idona a wani sito, gizo-gizo ya yi musu rumfa.

Akwai kuma kuskuren da 'yan'uwanka da surukanka suka yi tarayya a kai: suna magana kamar "makarantar Najeriya" abu ɗaya ce. A Nijar kusan haka ne, domin komai daga Yamai yake fitowa, manhaja ɗaya, jarabawa ɗaya, doka ɗaya, wato dokar ilimi ta LOSEN ta 1998. Akwai fitattu irin su lise Isa Korombe a Yamai, Ɗan Baskore a Maraɗi, Amadu Kuran Daga a Damagaram, akwai kuma makarantun kuɗi da suke ta ƙaruwa a birane, amma sikelin da ake auna kowa da shi guda ne. A Najeriya ilimi yana hannun tarayya da jihohi duka biyu. Tarayya tana da kwalejojin haɗin kai sama da ɗari, jihohi 36 kowace da nata hali. Kano ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can ba sa ƙirguwa. A jihar guda kuma za ka samu makarantar jeka-ka-dawo mai yara ɗari da wani abu a aji, ba malamin fizik. Dokar 2004 ta ware wa UBEC, hukumar da ke kula da shirin UBE, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, da sharaɗin jiha ta kawo kwatankwacin abin da za ta karɓa. Jihohi da dama suna barin biliyoyin naira a ajiye shekara da shekaru don sun ƙi kawo nasu. Saboda haka idan aka ce maka "kawo su gida", tambayar farko ita ce: wace makaranta? Tsakanin mafi kyau da mafi lalacewa a Najeriya akwai tazarar da ta fi tazarar Najeriya da Nijar.

Ciwon Nijar kuma na rashin ƙarfi ne. Ƙasar ta karɓi 'yanci a 1960 da yaran da ke makaranta ba su kai biyar cikin ɗari ba. Manyanta na farko irin su Diori Hamani da Bubu Hama sai da suka je makarantar William Ponty a Sanagal, alhali Kwalejin Katsina ta buɗe tun farkon shekarun 1920. Da aka tashi faɗaɗa makarantu da gaggawa daga ƙarshen shekarun 1990, sai aka koma ɗaukar malaman kwantiragi masu ƙaramin albashi, har suka zama su ne mafi yawa. Albashin ya makara, a tafi yajin aiki. 'Yan makaranta su ma ƙungiyarsu ta USN ta fito da su titi. A 2017 da gwamnati ta yi wa malaman kwantiragi na firamare jarabawa, dubbai aka sallama. Azuzuwan zana kuwa kai ka fi ni sani, tun da a garinku gobara ta cinye yara fiye da ashirin a Nuwamban 2021, wata bakwai bayan irinta a Yamai. Allah ya jiƙansu.

Batun harshe shi ne inda ƙasashen biyu suka yi kama, kuma shi ne ya fi ba ni takaici. Yaro Bahaushe a Tasawa da yaro Bahaushe a Daura duk suna shiga aji ne a koya musu lissafi da harshen da ba su taɓa ji a gida ba. (A Nijar ma idan tsoho ya ce "Turanci", sau da yawa Faransanci yake nufi, shi ya sa nake ta cewa Ingilishi.) Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, gwajin ya nuna alheri, amma ya daɗe yana zaman gwaji. Kundin sabunta ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Sai dai BEPC da Bak har yanzu da Faransanci ake rubuta su, kuma sauya wannan sai an tanadi littattafai da malamai, ba aikin sanarwa ba ne. Najeriya a 2022 ta ce a koyar da harshen uwa duk shekara shida na firamare, a ƙarshen 2025 ta janye ta koma Ingilishi. Amma ana rubuta Hausa a WAEC, ana yin digiri a kanta har na uku a Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo.

Ga wani abu da zai yi maka amfani kai tsaye. A Nijar Ingilishi darasi ne na dole tun daga sizyam har tarminal, kuma yana cikin jarabawa. Aikin da na yi ke nan. A Najeriya, duk da Abacha ya ayyana Faransanci harshen hukuma na biyu a 1996, yawancin yaran makarantun gwamnati ba su wuce gaisuwa ba, idan ma akwai malamin. Saboda haka hanyar ba ɗaya ba ce a tafiya da dawowa. Ɗan lise zai iya tsallakowa ya kama Ingilishi cikin shekara guda. Ɗan SS3 kuwa ba zai iya shiga tarminal ba ko da an yi masa alfarma. Wanda ya ce Faransanci ba ya kai mutum ko'ina, ya duba taswira: Binin, Nijar, Chadi, Kamaru, duk maƙwabtan Najeriya na tudu da shi suke aiki. Yaron da ya haɗa Hausa da Faransanci da Ingilishi, ƙungiyoyin agaji da bankuna da kamfanonin sufuri nemansa suke yi. Kai da kake fito da kaya ta Kwatano ka san kuɗin da kake biyan masu cike maka takardu.

Idan kana son a haɗa musu da Larabci, duk ɓangarorin suna da hanya: a Nijar makarantun faranko-arab, waɗanda suka faro daga madarasar Sayi a 1957 kuma suna da nasu BEPC da Bak, a Najeriya makarantun da ke ƙarƙashin NBAIS.

To yaya za ka yi? Game da babban, kada ka taɓa shi yanzu. Shekara tara ya zuba a Faransanci. Idan ka ɗauke shi daga katiriyam ka kai shi SS1, zai fita Nijar ba takardar kwalej a hannu, ya shiga ajin da ake koyar da kemistiri da harshen da bai ƙware ba, kuma babu wanda zai tsaya ya lura ya nutse, tun da can ba a maimaita aji. Na ga yara masu ƙoƙari da aka yi wa haka; suka rasa Faransancin, Ingilishin bai zauna ba. Taura biyu ba ta taunuwa a tsakiyar sakandare. Ka bar shi ya ci BEPC ko ta halin ƙaƙa. Idan mwayen ɗinsa tana kai 12 ko sama, ka bar shi har Bak, kana biya masa darasin Ingilishi na yamma tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Da Bak a hannu yana da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a ƙofar gida, da ta Abdu Mumuni a Yamai, da sauran ƙasashe masu Faransanci. Idan kuma Najeriya yake so, sai ya rubuta WAEC ko NECO ta masu zaman kansu ya samu kiredit ɗin Ingilishi da sauran, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ta auna masa Bak ɗin, ya nemi jami'a. Amma idan ka ga yana jan ƙafa a 9 da 10, yana maimaita aji, to bayan BEPC lokaci ne mai kyau na tsallakowa: ya shiga SS1, ya yi asarar shekara ɗaya a ƙidayar aji, ya ci ribarta a harshe, kuma ya samu tsarin da yake ba mutum dama fiye da ɗaya.

Yarinyar ita tana kan gaɓa, domin ƙarshen firamare shi ne wuri mafi sauƙin sauya tsari. A nan ba tsarin ilimi ne zai yanke hukunci ba, kai ne: ina kake ganin iyalinka nan da shekara goma? Idan Katsina za ku koma, kai ta JSS1 bana, a makarantar da ka je ka gani da idonka, ka shiga aji ka ƙirga yara, ka buɗe littafin wani ɗalibi ka ga yaushe rabon da malami ya duba shi. Idan a Maraɗi za ku ci gaba da zama, ban ga dalilin raba 'yar shekara goma sha biyu da uwarta ba. Abin da ya fi fitar da 'yan mata daga makaranta a ƙasashen biyu ba manhaja ba ce, zaman gidan wani ne da nisa da rashin mai sa ido. Shi ya sa Nijar ta yi dokar kare karatun 'ya mace a 2017, Bazum kuma ya fara gina musu makarantun kwana. Ka kuma tuna Ƙanƙara a Disamban 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021 kafin ka zaɓi makarantar kwana ta bayan gari, ka tuna an rufe iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023. Maraɗi da Katsina tafiyar 'yan awanni ce ta Ɗan Isa da Jibiya, amma ranar da aka datse hanya, 'yarka tana wata ƙasa.

Ko wanne ka zaɓa, ka adana kowace takardar sakamako ta kowace shekara, da takardar haihuwa, da shaidar kammala firamare. Nijar tana buɗe makarantu a Oktoba, Najeriya a Satumba, don haka wanda zai tsallako ya fara neman gurbi tun a Yuli. Ka yi musu lambar NIN da takardar asalin ƙaramar hukumarka tun yanzu, don JAMB ba ta rajista sai da NIN. Sannan ka zauna ka duba yadda aka rubuta sunayensu. A takardar Nijar za ka ga Mahamadou, Aboubacar, Ousmane, sau da yawa kuma sunan uba ne a gaba. A ta Najeriya Muhammad, Abubakar, Usman. Na san yarinyar da ta rasa shekara guda saboda takardar BEPC ɗinta ta ce Hadiza Issoufou, NIN ɗinta ya ce Khadija Yusuf, kwamfuta kuma ta ce mutum biyu ne. Ka zaɓi rubutu ɗaya, wanda yake kan takardar haihuwarsu, ka sa a bi shi harafi da harafi a duk takardar da za a yi musu a Katsina.